Dabbare-dabbare: Ma'anarta da Amfaninta a Bakin Mutanen Tasawa da Mayahi

Idan aka ce wa ɗalibi ya lissafa kalmomin launi na Hausa, abin da zai fara kawowa shi ne fari da baƙi da ja, sannan kore da shuɗi da rawaya. In ya ƙara himma ya haɗa da ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan goro. Da wuya ya tuna da “dabbare-dabbare”. Ko ya tuna ma, sai ya rasa layin da zai saka ta, domin ba a nuna abu a ce ga launin dabbare-dabbare kamar yadda ake nuna jini a ce ga ja. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar bisashe ta Tasawa ko ta Mayahi ya san kalmar ba ta hutawa a bakin dillalai, kuma aikin da take yi yana iya rage wa akuya kuɗi. Wannan maƙala za ta dubi abin da kalmar take nufi, da yadda take zama a cikin jimla, da dalilin da ya sa bai dace a riƙa musanya ta da makusantanta ba a lokacin da ake fassara ko rubuta littattafan makaranta.

Abin da kalmar take nufi

Dabbare-dabbare ba sunan launi ba ne, sunan yadda launi ya kwanta ne a jikin abu. Kafin a ce abu yana da dabbare-dabbare sai an sami launi na asali wanda ya shimfiɗu, sannan wani launi dabam ya faɗo masa a wurare da yawa, manya-manya, ba tare da tsari ba. Kalmar ba ta damu da ko wane launi ne ba. Fari a kan ja dabbare-dabbare ne, baƙi a kan fari ma haka, haka kuma ƙasa-ƙasa a kan rawaya. Shi ya sa mai magana yakan ƙara bayani in yana son a gane: “akuya ce ja mai dabbare-dabbaren fari”.

Hanya mafi sauƙi ta gane iyakar kalma ita ce a nemo abin da ya yi kusa da ita amma ta ƙi shi. Mu ɗauki tunkiyar uda, wadda Fulani makiyaya suke ratsa Gulbin Kaba da garkunanta. Rabin jikinta na gaba baƙi ne ko ja mai duhu, rabin baya fari, kamar an tsoma ta a marina an tsaya a tsakiya. Launi biyu ne a jiki ɗaya, amma ba wanda zai kira ta mai dabbare-dabbare, domin rabon yana da tsari, kuma kowane launi wuri ɗaya ya tare. Haka farin rago mai baƙi a kewayen ido, wanda ake ce wa mai tozali: baƙin yana da mazauninsa sananne, bai warwatsu ba. Ke nan haɗuwar launi biyu kaɗai ba ta isa ba, sai da warwatsuwa.

Sai kuma girma. Zabuwa jikinta cike yake da fari a kan toka-toka, a warwatse ko'ina, amma ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya, kuma a jere suke. Wannan ɗigo-ɗigo ne. Karin maganar nan da ke cewa kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta ma “zane” ta kira shi, wato Bahaushe ya ɗauke shi ado ne da aka tsara, irin wanda masaƙa suke kwaikwayo a saƙi. Raƙumin dawa kuwa, irin na Kure kusa da Yamai, shi ne cikakken misalin dabbare-dabbare: faffaɗan tabbai ne, kowanne da siffarsa, ba biyu da suka yi daidai. Damisa tana tsakani. Tabbanta ba su kai na raƙumin dawa ba, sun kuma fi na zabuwa, don haka za ka ji wani ya ce dabbare-dabbare, wani ya ce roɗi-roɗi, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Roɗi-roɗi ita ce maƙwabciya mafi kusa, har masu magana da yawa sukan sa ɗaya a gurbin ɗaya. A kunnena dai akwai bambanci. Roɗi-roɗi ta fi dacewa da inda launuka suka cakuɗe, suka yi yawa, suka matsu, har ido ya kasa cewa wannan ne na asali wancan ne baƙo. Dabbare-dabbare kuwa tana barin fili tsakanin tabo da tabo, ana ganin shimfiɗar. Ratsi-ratsi ba ta cikin wannan rigima, ita ta dogayen layuka ce, kamar na jakin dawa ko na wani zanen saƙa. Akwai kuma “sofane”, wadda take nufin ɗan wani launi da ya ɓata wa abu kasancewarsa launi ɗaya, ko da wuri ɗaya ne tak. Da ita Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya fassara kalmar Larabci “shiya” a aya ta 71 ta Suratul Baƙara, inda ake siffanta saniyar da aka umurci Bani Isra'ila su yanka. Zaɓin ya yi daidai, domin abin da ake korewa a can shi ne ko da ɗan tabo guda. Da an ce ba ta da dabbare-dabbare, da an bar ƙofa a buɗe ga saniya mai fari ɗaya a goshi.

Ƙirar kalmar

Ba sai an faɗa ba, kalmar cikakken ninki ce. Abin lura shi ne irin aikin da ninkin yake yi, domin ninki a Hausa ba aiki ɗaya gare shi ba. A cikin fari-fari da baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi, ninki rage ƙarfin ma'ana yake yi: abin bai cika fari ba, ya dai doshi fari. A cikin gine-gine da tafiye-tafiye da ciye-ciye, yawa yake nunawa da bambancin iri. A cikin gida-gida da kashi-kashi da ɗai-ɗai, rarrabuwa yake nunawa, nan da can. Dabbare-dabbare a siffa ta yi kama da rukunin gine-gine, tun da kowane ɓari da wasalin “e” ya ƙare, amma a ma'ana ta haɗa yawa da rarrabuwa. Ko kusa ba ta shiga rukunin fari-fari ba. Wanda ya ce akuya tana da dabbare-dabbare ba cewa yake yi tabbanta sun kusa zama tabbai ba, cewa yake yi suna da yawa kuma sun bazu.

Wani abu kuma shi ne, a maganar yau da kullum ba ka jin ɓari ɗaya shi kaɗai. Ana cewa gini a ce gine-gine, ana cewa ɗigo a ce ɗigo-ɗigo, amma wanda yake son ambaton guda ɗaya daga cikin dabbare-dabbaren akuya sai ya koma ga wata kalma, ya ce tabo. Wannan ya dace da ma'anar da muka gani: abin da ba ya samuwa sai da yawa ba ya buƙatar tilo. Hausa tana da irin waɗannan daskararrun ninki da dama, kamar dumu-dumu da kaca-kaca, waɗanda ba su da rai in an raba su biyu.

A nan akwai tarkon da ɗalibai suke yawan faɗawa. Saboda an fi jin kalmar a kan bisashe, sai wani ya yi saurin cewa daga “dabba” ta fito. Wani kuma ya jingina ta da “dabara”. Waɗannan biyun duka aro ne daga Larabci, kuma kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne a nazarin asalin kalma. Wanda ya ce daga dabba ne, wajibinsa ne ya nuna mana ɗafin “-re” da yake mayar da suna zuwa irin wannan ma'ana a wasu kalmomin, ya kuma bayyana abin da ya sa bango da ganye da fatar mutum suke yin dabbare-dabbare alhali ba dabbobi ba ne. Ita kuwa dabara, tushenta tsarawa ne da shiryawa, kishiyar abin da kalmarmu take nufi ke nan.

Zamanta a cikin jimla

Sau da yawa akan jefa kalmar cikin rukunin sifa, saboda da sifa ake fassara ta a Faransanci da Turanci. Sai dai rukunin kalma ba a fassara ake gane shi ba, a halayyarta cikin jimla ne. Sifofin launi na asali suna sauyawa bisa jinsi da adadi, suna kuma iya gabatar suna tare da mahaɗi:

(1) farin rago, farar tunkiya, fararen tumaki
(2) baƙin bunsuru, baƙar akuya, baƙaƙen awaki

Dabbare-dabbare ba ta da siffar mace ko ta jam'i, yadda take haka take. Hanyar da ta fi bi wajen siffanta suna ita ce ta “mai” da “masu”, ko ta zo bayan aikatau “yi”, ko bayan “da”:

(3) bunsuru mai dabbare-dabbare, awaki masu dabbare-dabbare
(4) Bangon ya yi dabbare-dabbare bayan ruwan jiya.
(5) Ɗan maraƙin yana da dabbare-dabbare a wuya.

Duk waɗannan gurabe ne na suna. Kamar yadda ake cewa mai ƙarfi, ya yi ƙarfi, yana da ƙarfi, haka ake yi da ita. Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne a sa ta gaban suna da mahaɗi:

(6) farar akuya
(7) dabbare-dabbaren akuya

A misali na (6) akuya ake magana a kai, fari bayani ne a kanta. A na (7) kuwa magana ta bar akuya ta koma kan tabban da ke jikinta. Ana iya cewa “farar akuya ta haihu”, amma ba a cewa “dabbare-dabbaren akuya ta haihu”, sai dai “dabbare-dabbaren akuyar nan ya yi yawa”. Gaskiya ne akan ji an ce “wata akuya dabbare-dabbare”, ba tare da “mai” ba, kamar yadda ake cewa “riga ruwan toka”. Wannan bai mayar da ita sifa irin ta fari da baƙi ba. Suna ne da aka jera bayan wani suna don ya fayyace shi, kuma ko a nan ba ta karɓi jinsi ba.

Akwai ƙarin shaida daga amsa-kama. Kowane launi na asali yana da tasa: fari fat ko fari tas, baƙi ƙirin ko baƙi wuluk, ja wur ko ja zur, kore shar. Mun saba cewa ƙarfafa launi suke yi, amma suna yin wani aikin tare da wannan, wato tabbatar da cewa launin bai da gauraye. Akuyar da aka ce ja ce wur, an kore mata dabbare-dabbare ke nan. Ita kuwa kalmarmu ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu. In ana son ƙarfafa ta sai a ce “duk ta yi dabbare-dabbare”, ko “dabbare-dabbare ko'ina”, wato da kalmomin yawa da yaɗuwa, ba na zurfin launi ba.

Littafin Brent Berlin da Paul Kay na 1969 a kan kalmomin launi na asali ya sa masana da yawa sun mai da hankali ga tambaya guda: launuka nawa harshe yake da sunansu? Tambayar tana da amfani, amma ta bar irin su dabbare-dabbare a waje, domin allon ƙananan launuka da ake nuna wa mai magana kowane gurbi launi ɗaya ne lis. Masu nazarin al'ummomin makiyaya sun daɗe da ganin wannan giɓi. Evans-Pritchard a littafinsa na 1940 a kan Nuwer na Sudan ta Kudu ya nuna yawan kalmomin da suke da su na yadda launi yake kwanciya a jikin sa, David Turton kuma a 1980 ya nuna cewa Mursi na Habasha daga jikin shanu suke ɗebo kalmomin da suke siffanta launin komai da su. Bahaushe bai kai can ba, amma shi ma yana da rabonsa. A dawaki akwai akawal da kili da bidi, akwai danda mai manyan tabban fari, akwai hurde. A kaji akwai wake-wake mai cakuɗen fari da baƙi. Waɗannan kowace ta tsaya ga dabbarta, ba a ce wa bango danda. Dabbare-dabbare ita ce gama-gari, wadda take hawa kan komai.

Jar akuya da darajar launi ɗaya

Yanzu mu koma inda muka faro. Gundumomin Tasawa da Mayahi suna cikin mahaifar jar akuyar Maraɗi, ƴar'uwar jar akuyar Sakkwato da ke tsallaken iyaka. Akuya ce matsakaiciya mai gajeren gashi, mai yawan haihuwar tagwaye, kuma a ƙauyuka galibi dukiyar mata ce. Abin da ya kai sunanta nesa shi ne fatarta, mai laushi da ƙarko. Fatun jajayen awaki na ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiran jimammiyar fatar da sunan Maroko, saboda ta can take isa gare su. A zamanin mulkin mallaka da bayansa hukumomin kiwo sun ɗauki launin a matsayin shaidar tsarkin iri: ja ɗaya daga kai har wutsiya, ba sofane. An bi hanyar dandaƙe bunsuran da ba ja ba don kada su yi barbara, an kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a farkon shekarun 1960 don tace irin da rarraba shi, likitan dabbobi A. H. Robinet kuma ya wallafa dogon nazari a kan akuyar a 1967.

To amma akuya ba ta san iyakar gunduma ba. Arewacin Mayahi yana kallon yankin makiyaya, inda ake kiwon doguwar akuya mai dogayen ƙafafu wadda littattafai suke kira akuyar Sahel, ita kuwa sau da yawa launinta a haɗe yake, fari da ja ko fari da baƙi. Garkuna suna haɗuwa a rijiya da kasuwa da gonakin da aka girbe, barbara tana faruwa, ƴaƴa suna fitowa da tabbai. A irin wannan wuri, cewa akuya tana da dabbare-dabbare ya wuce bayanin kama, ya zama magana a kan asalinta.

Na taɓa tsayawa kusa da wata dattijuwa da ta kawo ƴar akuyarta kasuwa, ja mai fari a ciki da cinya da gefen wuya. Dillali ya kama ta ya juya, ya ce, “Inna, ai wagga dabbare-dabbare gare ta.” Tsohuwar ta ce, “A'a ɗana, ja ce, ɗan hwari ne kawai ya taɓa ta.” Ba wanda ya musa abin da ido yake gani a cikinsu, farin yana nan, kowa yana kallonsa. Gardamar a kan suna take. In dillali ya ci, akuyar ta fita daga layin jajaye ta koma na gauraye, kuɗinta ya sauka. In tsohuwa ta ci, ja ce mai ɗan sofane. Sharuɗɗan nan da muka bi a sama, na yawa da girma da warwatsuwa, su ne dai ake ja-in-ja a kansu a bakin turke, ko da ba wanda ya kira su da sunayensu. Masu nazarin ma'ana sukan ce iyakar irin waɗannan kalmomi ba a yanke take ba. A nan ga wanda yake biyan kuɗin rashin yankewar.

Kada a ɗauka kalmar kullum aibi take ɗauke da shi. A jikin raƙumin dawa ba yabo ba zargi. Raƙuma masu fari da duhu da Buzaye suke kira azarghaf sanannun iri ne da masu su suke ji da su. Saniya mai dabbare-dabbare ba ta rasa mai so, har ma tabban nata su ne shaidar da mai ita zai bayar in ta ɓace, domin ba shanu biyu da nasu ya zo ɗaya. Abin da yake sa kalmar ta yi ɗaci shi ne tsammani. Duk inda ake sa ran launi ɗaya, dabbare-dabbare naƙasa ne. Inda ba a sa ran haka, kama ce kawai.

Fata da ganye da rini

Wannan ƙa'ida ta tsammani ita take bayyana sauran wuraren da kalmar take shiga. Marini in ya tsamo zane daga karofi ya ga baba ya kama nan bai kama can ba, zanen ya yi dabbare-dabbare, aiki ya ɓaci. Amma in da gangan aka ɗaure zanen don a fitar da ado, ba a kiran sa haka, ko da a ido sun yi kama. Lallen da bai kamu daidai ba, da bangon da aka shafa wa farar ƙasa ruwa ya dake shi, da allon aji da fentinsa ya ɓaɓɓare, duk suna yin dabbare-dabbare. Rigar mahauci takan yi dabbare-dabbare da jini, in abin ya wuce haka har ba a ganin farin rigar sai a ce ta yi dumu-dumu. Kakin soja na shiga daji shi ne sabon abin da kalmar ta hau ba tare da ɗaci ba, tun da rashin tsarin nasa shi ne amfaninsa.

A jikin mutum abin ya fi nauyi. Fuskar da man bilicin ya ci takan yi dabbare-dabbare, wani wuri ya yi haske wani ya ƙone. Ƙyasfi yakan sa ƙirji da baya su yi haka. Sai dai farkon kuturta ma da tabo mai haske take bayyana, bambancinta shi ne tabon ba ya jin taɓi. Uwa in ta kawo yaro ta ce jikinsa ya yi dabbare-dabbare, ta ba ma'aikacin lafiya labari na gaske: tabban faffaɗa ne, suna da yawa, a shafe suke da fata, ba ƙuraje ba ne masu tasowa irin na ƙyanda. Abin da kalmar ba ta faɗa ba shi ne ko suna ƙaiƙayi, ko suna jin taɓi, wannan sai an tambaya. Ma'aikacin da ya mayar da maganar uwar zuwa kalma ɗaya ta Faransanci a takarda ya zubar da rabin abin da aka ba shi.

Haka yake a gona. Gyaɗa, wadda mutanen yankin suke kira gujiya, ta taɓa zama babbar hajar jihar Maraɗi, kuma annobar 1975 ta cutar da ake kira kuturtar gyaɗa tana cikin abubuwan da suka karya nomanta a Nijar da arewacin Nijeriya. Ganyen da ta kama yakan cakuɗa kore mai duhu da mai haske ko rawaya, ya yi dabbare-dabbare, tsiron ya tsugune, kuma darɓa ce take yaɗa ta. Akwai wata cutar dabam da take sa wa ganye ƙananan baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu kewaye, wadda ba ruwanta da darɓa. Manomi yana bambanta su da bakinsa. Takardar faɗakarwa da ta kira su duka “tabo” ta haɗa abin da manomin ya riga ya raba.

Matsalar fassara

Tun daga makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa da aka fara a Damagaram a 1973 ake rubuta littattafan karatu da harshen a Nijar, kuma tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ana sa ran aikin fassara zai ƙaru. Mafi yawan abin da za a fassara daga Faransanci zai fito, ita kuwa tana da nata rabon: “tacheté” da “moucheté” da “bariolé” da “pie” da “rayé”. Rabon bai hau kan na Hausa daidai ba. “Moucheté” ta fi kusa da ɗigo-ɗigo, “rayé” da ratsi-ratsi, “bariolé” da roɗi-roɗi. “Pie” ta dabbobi ce masu manyan tabbai, a doki danda ke nan, a saniya ko akuya dabbare-dabbare. “Tacheté” ita ce mai wahala, domin tana ɗaukar manya da ƙanana, don haka mai fassara ba shi da mafita sai ya dubi abin da ake siffantawa da idonsa, ko hotonsa, kafin ya zaɓa. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki kalmar farko da ya gani zai sa wa zabuwa dabbare-dabbare, yaran Korgom da Kanambakashe kuwa da suke kiwon zabi za su yi masa dariya.

Masu fassara daga Larabci ma ba su tsira ba. A hadisin Anas ɗan Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, an siffanta raguna biyu da Annabi (SAW) ya yi layya da su da kalmar “amlah”. Malaman lugga sun saɓa a kanta: wasu sun ce fari ne tsantsa, wasu sun ce fari ne da baƙi ya ratsa amma farin ya rinjaya. Mai wa'azin da ya ce “masu dabbare-dabbare” ya zaɓi ɓangare ɗaya, ya kuma ƙara girman tabbai da warwatsuwarsu, abin da kalmar Larabcin ba ta tilasta ba. “Fari mai ratsin baƙi” ko “fari mai sofanen baƙi” ya fi tsayawa inda nassin ya tsaya.

Manyan ƙamusoshin da muke dogaro da su, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006, an fi gina su a kan Hausar Nijeriya, biyun farko kuma da Turanci suke bayani. Ɗalibin da zai tattara irin waɗannan kalmomi a Tasawa ko Mayahi kada ya tambayi mutane fassara. Ya je turke ko bakin rijiya da safe, ya nuna akuya ya ce, “Baba, wannan yaya ake ce mata?” Ya nuna ta kusa da ita, ya sake tambaya, har ya kai ga wadda mutum biyu za su saɓa a kanta. Ya rubuta amsar da jimlarta cikakkiya, da garin mai maganar da sana'arsa, domin abin da dillali ya kira dabbare-dabbare mai akuya tana iya kiran sa ɗan fari, makiyayi kuma yana iya samun wata kalma ta uku da ya aro daga Fulatanci.